Zanen Baba Ma'azu

Dogon Dutsi, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Nazifa. Ya ƙarfin jiki? Ina fatan Inna tana sassauta miki ruwan wankan jego, don na san hannunta. Ki gaishe ta da kyau, ki gaida Baba. Na ba Habu mai kabu-kabu wannan takarda ne saboda rezon waya a garinku Ɗan Kassari sai an hau tudun bayan gari, ni kuwa ba na son ki hau komi da ɗanyen jiki.

Gida ya yi mini faɗi tun da kika tafi. Jiya na dafa shinkafa, kaji ma sun duba sun wuce.

Ga labari mai daɗi. Kin tuna fim ɗin minti goma da ƙungiyar manoman wake ta ba mu, wanda za a nuna a taron manoma na Tibiri ƙarshen wata? Baba ne babban mai magana a ciki. Abokin aikina Luƙman ya ɗauke shi da kamara tun Satumba, yana tsaye tsakiyar gonarsa, wake kore shar har gwiwa. Montaj ɗin kuwa, wato yankawa da haɗa hotunan, a hannuna yake.

Kin san halina, kowace safiya kafin in sha kunu sai na buɗe shafin nan na masu montaj, inda ake sa labaran sana'armu. Ke kike cewa na fi gaida shafin a kan maƙwabta. To ran Talata sun sa labarin wani sabon lojisiyel, wato manhajar kwamfuta, mai wanke hoto, yana goge ƙura da karce, yana gyara fuska. Wani Bature ne ya yi bayaninsa a bidiyo da Ingilishi, da sauri kamar ana korarsa. Ban ji ko kalma biyar ba, amma duk inda ya latsa na latsa.

Barira, ki zo ki ga mahaifinki! Fuska sumul, sai ka ce ɗan shekara arba'in. Na yanko daƙiƙa talatin na aika wa Zakariya, sakataren ƙungiya, don ya san Dogon Dutsi ma akwai ƙwararru. Kada ki gaya wa Baba, ina son ya gani a Tibiri gaban jama'a. Ya daɗe yana cewa aikina zaman kallon talbijin ne. Wannan karon zai san wa ya ba 'yarsa.

Ki shafa mini kan Nazifa.

Mijinki mai kewarki,
Abdussalamu

Dogon Dutsi, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Barira,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya yarinya? Ya Inna? Baba kuwa ban san ko zai karɓi gaisuwata ba, amma ki gwada, daga nesa.

Takardarki ta iso. Layi uku ne, na karanta su sau goma. Kin ce, "Ina zanen fuskar Baba?" Wallahi sai da na karanta na koma na duba. Ni launin wake nake ta kallo da hasken fata. Lojisiyel ɗin ya ga tsagar Arawa da ke kumatun Baba, daga gefen baki har kunne, ya ɗauka karce ne a jikin hoto, ya share ta tas, dama da hagu.

Habu ya ba ni sauran labarin, yana dariya har ya kusa kada babur. Ashe Zakariya bai riƙe bidiyon ba, ya tura shi gurup ɗin ƙungiya na waya, mutum ɗari biyu da wani abu. Ya ce an nuna wa Baba a gindin itacen bedi bayan La'asar, ya kalla ya ce, "Muryata ce, gonata ce, hular ma tawa ce. Amma wanga baƙo daga ina anka samo shi?" Habu ya ce yanzu tsofaffi in Baba ya zo sai su tashi su ce sannu da zuwa, baƙo, daga wace ƙasa? Har an ce wani ya tambaye shi ko ya zo da kartidantite, katin shaidar ɗan ƙasa. Na san suna wasa ne. Na kuma san Baba ba ya wasa da wannan. Saƙon da ya aiko mini shi ne, wanda ya iya share asalin mutum yana iya share aure, kuma ba za ki dawo ba sai zanensa ya dawo.

Za ki ce in koma kan hoton asali. Ga inda abin ya ɓaci. Don murna na ajiye sabon a kan tsohon, Luƙman kuwa ya goge katin kamara ya ɗauki bikin suna da shi. Sake ɗauka ba zai yiwu ba, an girbe wake, shanun makiyaya sun shiga gonar sun cinye abin da ya rage.

Na rubuta matsalata a dandalin shafin da Faransanci. Mutum goma sha ɗaya sun amsa. Tara sun ce me ya sa ban ajiye kwafi ba, kamar ban sani ba. Ɗaya ya ce in kashe ordinatar, wato kwamfutar, in sake kunnawa. Ɗaya ya turo mini darasin yadda ake sa wa ɗan wasa tabo a fim ɗin faɗa. Na kwana biyu ina bin darasin. Da na gama, Baba ya fito kamar wanda aka sara da adda a kasuwa, har da jini yana ɗiga kan rigarsa yana bayanin takin gargajiya. Wannan ban aika wa kowa ba. Na goge shi, na goge kwandon sharar ma.

Barira, ina jin kunya ƙwarai. So na yi ya yi alfahari da ni, ga shi na mai da shi abin dariya a garinsu. Ki taya ni da addu'a, ki kuma sa Inna ta sa baki.

Naki,
Abdussalamu

Dogon Dutsi, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga masoyiyata Barira,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da Nazifa da Inna. Na san Baba ya iso gida, na kuma san ba zai ba ki labari ba, shi ya sa na zauna in rubuta.

Wata mai montaj a Yamai, Madam Safiya, ita ta cece ni. Ta gani a dandalin, ta rubuto ta ce kakarta ma Ba'ara ce mai zane, kada in ƙirƙira da kaina. In ɗauki hoton kumatun mai shi da kyau, in ɗora a fim, in sa ya bi motsin fuska. Ta turo darasi da Faransanci mai sauƙi. Saura kawai a samo kumatun. Ban san abin da ke da Inna kuka faɗa masa ba, Allah ya saka muku, ran Juma'a sai ga shi bayan babur ɗin Habu.

Bai amsa gaisuwata ba sai a ta uku. Ya zauna kan kujerar studiyo, na ɗauki dama, na ɗauki hagu. Na ce ya je ya huta, ya ce ba inda za shi, ba ya barin fuskarsa hannuna ba mai tsaro.

Mun yi yini biyu tare. Ina ɗorawa yana gyara mini. "Ɗaga shi sama kaɗan. A'a, ka kai shi ido. Na hagu ya fi na dama tsawo." Na ce ko in daidaita su? Ya ce kul. Ya ce wanzamin da ya yi masa tsoho ne, kuma an ce shi jaririn ya fizge kai, mahaifiyarsa ta riƙa ba shi labarin har ta rasu. Ya ce duk 'ya'yansa ba wanda aka yi wa, ke ma ba ki da shi, Nazifa ma ba za ta yi ba, kuma bai ce a yi ba. Amma in ya mutu, a fim ɗin nan Nazifa za ta san fuskar kakanta. Na yi kamar ina neman wani abu ƙarƙashin tebur.

Da muka gama na kunna masa daga farko. Ya kalla yana gyaɗa kai. Da aka zo inda yake dariya sai ya ce in tsaida. Ashe lojisiyel ɗin ya cike masa giɓin haƙora biyun nan na gaba, farare tas, ni ban ma lura ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, yanzu zan cire su, in mai da giɓin yadda yake."

Ya dubi ƙofa, ya ga ba kowa. Ya matso ya ce, "Waɗanga bar su."

Na ce to in tsofaffi sun yi magana fa? Ya ce duk cikinsu ba mai haƙoran da zai yi wa wani gori.

Ya ce ran da kika cika arba'in in zo da kaina in ɗauke ki, in kuma zo masa da kwafi biyu a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, ɗaya ya ajiye a akwati, tunda an ga yadda nake ajiya. Kada ki nuna masa kin san maganar haƙoran. Inna kuwa ki bar ta ta gani da idonta a Tibiri, ina son in zauna inda zan ga fuskarta.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya mana Nazifa.

Mijinki har kullum,
Abdussalamu