Layin Kaka a Jikin Ƙofar Kicin

Thunder Bay, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya aikin girki a jirgin ruwa, yaya kuma sanyin tafki? Ni da Kaka Onni lafiya lau.

Mama, Malama Beaulieu ta ba ajinmu aikin ƙira: keken motsa jiki na cikin ɗaki, wanda kowa a gida zai iya daidaita shi da jikinsa. Na ce zan yi namu don mu uku. Ana auna ƙafar mutum ne da littafi a tsakanin cinyoyinsa, yana jingine da bango. Na auna tawa, amma wallahi na kasa buɗe baki in ce wa mahaifinki ya tsaya haka. Sai na auna tsohon wandonsa na coci. Tsawon Kaka kuwa na ɗauka daga layukan da muke ja a jikin ƙofar kicin duk safiyar Kirsimeti: inci saba'in da uku. Da shi na lissafa nisan hannun keken daga sirdi. Sirdin yana da huda tara, yana hawa yana sauka. Hannun zan sa a yi masa walda wuri guda.

Kaka ya daina kirana Tuuli, sai "Injiniya".

Ki huta lafiya.
'Yarki,
Tuuli

2 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki, ina fata wasiƙar nan ta same ki lafiya. 

Ranar Asabar Baba Arvo, abokin Kaka, ya ɗauko mana keken daga makaranta a motarsa. Muka ajiye shi a falo. Na sa sirdin a huda ta bakwai. Baba Arvo ya ce, "Hau mana, tsohon banza. Ko sai an kawo maka tsani?" Kaka ya ce, "Kai da ko keken jikanka ba ka iya ba?" Ya cire babbar rigar sanyin nan da ba ya rabuwa da ita, ya hau.

Ƙafafunsa sun kai feda daidai, har na fara murna. Sai ya miƙa hannu. Mama, bai kai ba. Yatsunsa kawai ke taɓa ƙarfen. Ya ƙara sunkuyawa, sai ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya zame gefe. Ba don Baba Arvo ya tare shi ba, da ya faɗi a kan tebur.

Na ɗauka lissafina ne ya ɓaci. Na sake shi sau uku, daidai yake. Ina kuka na ɗauko tef ɗin awo, ban ma san lokacin da kunyar ta bar ni ba, na ce ya tsaya a jikin ƙofa. Ya ƙi. Baba Arvo ya ce, "Onni, tsaya wa yarinya. Ni ma na gaji da rufa maka asiri."

Inci sittin da takwas, Mama. Biyar sun tafi, kuma duk daga bayansa. Da rigar nan a cire, bayan ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Shekara huɗu ke nan shi yake riƙe fensir ranar Kirsimeti, yana cewa tsoho ba ya girma, a bar layinsa yadda yake. Shi ya sa ya daina zuwa wankan tururi na Asabar da abokansa, don kada su gan shi ba riga. Ni kuwa da na ga na kusa kamo shi, na zaci ni ce nake tsawo. Gida ɗaya muke kwana, ban gani ba.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, kada uwarki ta ji. In ta ji, gidan tsofaffi za a kai ni, can zan mutu ina kallon bango." Na ɗaga masa kai. Kwana huɗu ina ɗauke da maganar. Jiya na gan shi ya kasa ɗaga butar shayi. Na karya alkawari, Mama. Don Allah kada ki raba shi da gidansa, amma ki sa ya ga likita.

'Yarki,
Tuuli

19 ga Nuwamba

Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata iskar tafki ta lafa muku.

Bayan kin yi masa waya, kwana takwas Kaka bai yi mini magana ba. Sai ya ajiye mini abincin safe ya juya. Amma ya je asibiti, Baba Arvo ya kai shi. Hoton ƙashi ya nuna ƙasusuwa uku na bayansa sun tsage sun haɗe da kansu, bai taɓa faɗa mana yana jin ciwo ba.  Likita ta ba shi magani, ta ce zai iya zama a gida muddin yana motsa jiki a miƙe, ba a sunkuye ba.

Na yanke waldar. Malama Beaulieu ta taya ni, yanzu hannun yana matsowa yana ɗagawa, kuma sirdin yana da abin jingina. Ta ce in rubuta kuskuren a rahotona, kada in ɓoye.

Yau da safe na shiga kicin na tarar da shi tsaye a jikin ƙofa, ba takalmi, ba rigar sanyi. Ya miƙo mini fensir bai dube ni ba. Ya ce, "Ja layin, Injiniya. Ki sa kwanan wata, kada gobe wani mai kunya ya zo ya ƙera mini keken ƙato."

Na ja. Layinsa yana ƙasa da naki, Mama. Yana ƙasa da nawa ma da rabin inci. Ya juya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce in zo in riƙe masa keken ya hau.

Minti shida ya yi.

Sai kin dawo. Muna kewarki.
'Yarki,
Tuuli