Kitson Da Ba Nawa Ba

'Yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da takwarata. Ya gajiyar tashi? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan.

Na yi murna da hukumar gidaje ta ba ku ɗaki a benen tsallaken gada, unguwar da a da sai dai mu shiga wankau mu fito. Wai so suke a gauraya mai shi da marar shi, ƙofa na kallon ƙofa. Allah ya sa albarka. Ni dai na faɗa wa ma'aikaciyarsu ta riƙe ɗakin tsofaffin da ta ce za a ba ni a ƙasan benenku, ba inda za ni.

Amma wace ce wannan Kakar Sama da yarinyar ke ta ambato a waya? A sanina kaka ɗaya ta rage mata.

Mahaifiyarki.

'Yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na iso gida lafiya daga wurinku, raina ne dai a ɓace.

Tun takwarata na da gashi kamar na ɗan tsako, ba hannun da ya taɓa kanta sai nawa. Na zo da matajina da mai, na tarar an riga ni. Kin ce tsohuwar malamar da ke samanku ce, hukuma ta haɗa ku da ita don ku saba da unguwa. To, an ce ta nuna muku tashar mota da asibiti, wa ya aike ta kan jikata?

Ban ɓoye miki ba, kishi nake. Matar da a da ko sannu ba za ta ce mini ba, ga yarinyata kwance a cinyarta tana gyangyaɗi. Abin da ya fi ci mini rai, na duba kitson ciki da waje ina neman aibu, ban samu ba. Da na ce in tsefe, yarinyar ta dafe kai da hannu biyu ta gudu bayanki.

Ki je wurin ma'aikaciyar nan gobe. In ɗakin ƙasan bai tafi ba, ina so. Kada ki yi mini dariya. Ki gaishe da malamar, amma ki gaya mata ta yi na ƙarshe.

In kuma yarinyar ce ta ce na malamar take so, kada ki gaya mini.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki.