Abin da Na Ɓoye a Murfin Wayarka

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyi bayan doguwar tafiya, Mai Fulawa nawa ni kaɗai,

Sallama daga matar da kewarka ta ci ƙarfinta. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da tanderun gidan burodi ya yi maka aman wuta a hannuwa, aka shige da kai ɗakin masu ƙuna, inda ba a barin kowa ya taka, ko da matar mutum ce. Kwana huɗu kuma rabona da jin muryarka. Ka taɓa ganin mai gyaran waya ta koma biro da takarda? To ga ni. Wayarka ce ta fara jawo mana wannan shirun, ni kuma na ƙara masa kwana biyu da hannuna, kuma yau zan faɗa maka gaskiyar yadda aka yi.

Ranar Asabar nas ɗin nan doguwa ta miƙo min wayar a bakin ƙofa, tana girgiza kai. "Mijin nan naki akwai taurin kai," in ji ta. Wai ka gaji da jiran a zo a sa maka caji, ka kama igiyar da haƙori kana cusawa, har ka karya bakin cajin. Haba maigida! Hannu biyu a naɗe cikin bandeji kamar an ɗaure jarirai, amma ba za ka iya cewa a taimake ka ba? Yaya, babbar yayarka, ta ce a sayo maka sabuwa a huta, ka aiko cewa taka kake so, ba ka son baƙuwa. Na san gyaran bakin caji aikin minti ashirin ne a wurina, na kuma san gobe za ka sake karya shi. Shi ya sa na ƙudura in raba ka da igiya gaba ɗaya. Akwai wani naɗin zaren tagulla, siriri kamar takarda, da ake mannawa a bayan batiri, a haɗa bakinsa da dalma zuwa inda caji ke shiga. Idan an yi haka, ɗora wayar kawai za ka yi a kan faifan caji ta riƙa sha. Ko da gwiwar hannu ka tura ta, ya isa.

Wayyo masoyina, kai an kulle ka, ni kuma wai ina sake. Ina sakin yake? Rumfar nan taku biyu ce a tsaye, taku biyu a kwance, kuma tun da ka kwanta ta ƙara matsewa. Ina zaune a ƙarƙashin fitilar aiki, hayaƙin dalma yana shiga idona, mutane suna miƙo wayoyinsu ta taga, kowa yana sauri ya ji muryar nasa. Ni nake haɗa su, ni kuma aka raba da nawa! Idan na rufe da yamma sai in je in tsaya a inda ake ajiye motoci a asibitin, in ɗaga kai ina ƙirga tagogin hawa na uku. Ta biyar ce taka, in ji nas. Labule kawai nake gani, shuɗi, ba ya ko motsi. Na koma gida gadon ya yi min faɗi, na dawo rumfa ta yi min kaɗan. Ina jin tsoro, maigida, ba zan ɓoye maka ba. Gobe Alhamis da safe za su ɗebi fata a cinyarka su dasa a hannun dama, kuma ba zan iya jure a shiga da kai ban ji ka ce min komai ba.

Ka tuna yadda muka fara? Ka zo da wannan wayar, sifikarta cike da fulawa, girarka ma fara fat. Mu masu gyara muna da ɗabi'a: duk wayar da muka buɗe, sai mu ɗan karce cikin murfinta da tsinin sukuddireba, don idan an dawo da ita mu gane aikinmu. Na yi mata layi ɗaya. Bayan mako ka dawo, wai ba ta ƙara sosai. Na buɗe, lafiyarta ƙalau, na yi layi na biyu. Sau bakwai cikin wata biyu! Tsoho mai gyaran rediyo na rumfar gefe har ya fara ɗaga murya idan ya hango ka: "Ga mai wayar da ba ta warkewa nan tafe." Kai kuwa sai ka tsaya kana murza hula, ka ajiye min burodi mai zafi a kan teburi, ka yi maganar ruwan sama, ka tafi.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba, shekara uku muna kwana muna tashi a ɗaki ɗaya. A zuwanka na bakwai, a ƙarƙashin layukan nan, na karce kalma biyu a cikin murfin: Na amince. Ba ka tambaye ni komai ba tukuna. Na mayar da murfin na ɗaure, na miƙa maka. Wata uku cur kana yawo da amsarka a aljihu, kana rama, kana aiko Yaya ta bugi cikina, kana zufa a bakin rumfa. Ni kuma ina kallonka ina dariya a zuci. Daga baya kunya ta hana ni faɗa, sai na bar shi ya zama nawa.

To murfin nan na ƙarfe ne, kuma caji ba ya ratsa ƙarfe. Wanda ya fara koyon aikin nan jiya ma ya san haka. Dole a yanke da'ira a tsakiyarsa, daidai inda naɗin yake, a toshe da roba. Kuma tsakiyar nan, a nan rubutuna yake. Na ɗauki zarto na ajiye ya fi sau goma. Sai na yaudari kaina, na ce ai murfin siriri ne, wataƙila ya ratsa. Na rufe wayar haka nan na ɗora a faifai. Ba ta sha ko ɗigo ba, sai zafi da ta ɗauka har ta gagari riƙo, saura kaɗan batirin ya kumbura. Na sake matsar da naɗin sama, na matsar da shi ƙasa, duk a banza. Tsoho ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya ce, "'Yata, ƙarfen kike so ko mijin?" Kwana biyu na ɓata, kana can kwance kana kallon rufi, kana zaton aiki ne ya sha min kai. Ka yafe min, hasken raina. Tsoron rabuwa da ɗan ƙarfe ya sa na bar ka cikin shiru.

Yau da hantsi na yanke. Na ajiye da'irar a gefe. Na toshe da baƙar roba, na bi gefen da gam, na ɗora ta a faifai, koren haske ya kama. Na yi kuka har mai jiran gyara ya ɗauka wayarsa na lalata.

Yanzu ka saurara, kuma ban da taurin kai. Yaya za ta kawo wayar da faifan da ƙarfe huɗu, nas za ta goge su da magani ta jona faifan a kusa da gadonka. Na manna ɗan shinge na roba a gefe biyu na faifan. Ka tura wayar da gwiwar hannu har ta tokare da shingen, nan ne daidai. Kada haƙorinka ya ƙara taɓa komai. Na sa lambata a kan gilashin da girma, ko da hanci ka danna za ta shiga, kuma na san hancin nan ba zai kuskure ba.

A cikin ambulan ɗin nan akwai da'irar ƙarfen da na yanke. Ka roƙi nas ta juya maka ita ka karanta. Ban san yadda hannunka zai fito gobe ba, likita ma bai yi min alkawari ba. Ko ya koma murza ƙullu, ko bai koma ba, ko ni zan riƙa ba ka ruwa a baki har tsufa, amsar da ke jikin ƙarfen nan ba ta canja ba. Wancan karon wata uku ka yi kafin ka tambaya. Wannan karon kada ka kai magariba.

Na rufe tagar rumfa, na sallami kowa, na ƙure ƙarar wayata na ajiye ta a kan teburin aiki. Ba zan tashi daga kujerar nan ba sai ta yi ƙara.

Taka tun kafin ka tambaya, taka kuma har iyakar numfashi,
Matarka, mai gyaran waya