Liyafar haɗin kai a cikin azumi

Daren Laraba, watan azumi. Coal Camp, Inugu.

Haushi ya hana ni barci. Yau gidan rediyonmu ya yi bikin naɗa sabon darakta, wai shi ne mai kula da haɗin kan ƙabilu. An ba shi sabuwar Fijo da gida, ga albashin da aka ce ya fi na sashenmu gaba ɗaya. Ni da nake karanta labaran Hausa tun dawowarmu bayan yaƙin basasa, har yau sai na yi shiri ake biyana, kamar ɗan ƙwadago.

Daraktan ne ya ce in gayyato dattawan unguwarmu wajen bikin. Na bi su rumfa-rumfa, har Alhaji Sani mai goro ya rufe shagonsa saboda ni. Muna zama, rana tsaka, aka jera mana shinkafa da kaji da lemo. A cikin azumi! Darakta yana ta cewa, "Ku ci mana, my brothers," mai hoto yana ɗauka. Ga ni kullum a ƙasan ofishinsa, amma ko tambayata bai yi ba kan lokacin da ya dace.

Ba wanda ya taɓa cokali. Da muka fito, Alhaji ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Garba, shi wannan bawan Allah, aikin me ake biyansa?" Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Gobe ni zan karanta da bakina cewa an yi taro cikin nasara. Kuma labaran safe ba sa wuce Alhaji.