Ni da Ma'aji a Ɗakin Giwa

Litinin, 3 ga Maris
Giwa ta iso, wato babbar kwamfutar da za ta ɗauki aikin kamfanin nan gaba ɗaya. Oga ya ce ni da abokin aikina Ma'aji za mu ɗora mata manhajar da ke tafiyar da ita: ni in haɗa ta da netwok, shi ya shirya faifan ajiya. Da an gama, mutum ɗaya zai zauna da ita, ɗayan a tura shi gyaran firinta. Ni da firinta? Allah ya kiyaye.

Talata, 4 ga Maris
Ɗakin Giwa sanyi kamar firji, rigar sanyi kuma ɗaya ce tal a jikin ƙusa. Ma'aji ya riga ni. Haƙorana na kaɗawa na shigar da adireshin netwok, Giwa ta yi kunnen uwar shegu da ni. Ma'aji kuwa wai, "Ranka ya daɗe, hanyar taka ba ta ɓulle ba ne?" Da murmushinsa.

Laraba, 5 ga Maris
Ta ɓulle. Lamba ɗaya ce ta juye, laifin sanyi. Matata ta ce, "Maigida, ko yaranka ba ka ambata kamar Ma'ajin nan." Ba ta san makirci ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Yau ranar Ma'aji. Giwa ba ta san faifai da suna ba, sai da lamba. Ya zaɓi ɗaya, ta tambaye shi ko a goge duk abin da ke ciki. Ina tsaye bayansa na ga lambar ta tsohon faifan nan ce, mai ɗauke da bayanan abokan ciniki. In ya danna, ba firinta ba, ƙofa za a nuna masa.

Na yi shiru. Wallahi na yi, har na fara hango kaina cikin rigar. Yatsansa na sauka na buge hannunsa.

"Lafiyarka kuwa?" in ji shi. Ya sake duba lambar, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Can ya cire rigar ya miƙo mini. Warin man zafi take yi. Na sa.

Juma'a, 7 ga Maris
Giwa ta tashi lafiya. Ni Oga ya zaɓa. Ashe Ma'aji da bakinsa ya je ya faɗa masa komai, sakarai.

Litinin, 10 ga Maris
Ɗaki nawa, riga tawa. Netwok ya ɗan yi gardama da safe, na juya in ce laifin faifai ne, sai na ga ba kowa a ɗakin. Na hango Ma'aji a baranda rungume da firinta, tawada har gwiwar hannu. Dariyar da na tanada ta ƙi fitowa.

Na ce wa Oga Giwa ba aikin mutum ɗaya ba ce. Don Giwa na faɗa, ba don kowa ba. Ya ce zai duba.

Na dai buga ƙusa ta biyu a bango.