Muryar Sanusi ta fito

Daren Laraba, Haɗeja

Har yanzu zuciyata tafasa take. Yau aka nuna bidiyon masuntan Guri da muka ɗauko a ofis. Bakin mutum ya rufe, maganarsa tana tafe a baya, ga ƙugin janareta. Kowa ya yi dariya. Sanusi abokin aikina kuwa ya dubi Oga, ya nuna ni ya ce, "Yallaɓai, ai aikin Rifkatu ne." Alhali shi ya matse bidiyon don ya shiga waya, ya ɓata min sautin da na daidaita.

Na dawo gida na buɗe asalin ɗaukar. Ina rage ƙugin nan a hankali, sai ga wata murya. Ashe makirufo a kunne yake lokacin da Sanusi ke ce wa direbanmu, "Oga ko bambancin kyamara da tocila bai sani ba."

Na goge duk hayaniyar, na ɗaga muryar, na fitar da ita a mafi ingancin sauti, ban matse komai ba.

Mama za ta ce in bar wa Allah. Zan bar masa, amma sai bayan na kunna muryar a taron ofis na gobe.