Masallacin da ƙafata za ta kai

Ƙanwata Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya gida, ya jikoki? Ni alhamdulillahi, sai ciwon gwiwa.

An canza wa ɗanki Sani wurin aiki daga Doha zuwa Alkhor, ƙaramin gari. Matarsa tana tambayar kasuwa da makaranta, ni kuwa masallaci na tambaya. A nan Doha sai da mota ake zuwa masallaci, idan sun fita ni kaɗai nake wuni.

Ran Asabar muka je Alkhor duba gidan da za mu koma. Da aka kira La'asar na ce, "Sani, kada ka riƙe ni." Na dogara sanda, na huta sau ɗaya, na isa masallacin unguwar. Wani dattijo ya matsa mini a sahu. Da na dawo na ce wa Sani mu tare a gidan kawai.

Ki taya mu addu'a, ki gaida Malam.

Yayanki,
Usman